Inda Ruwa Ke Kwana

Ubana Barma ya haƙa ramin nan,
ba don ruwa ba, don ƙasa.
Rabin gidajen layinmu daga cikinsa suka fito,
tubali bisa tubali.
Damina ta zo ta tarar da gurbi, ta zauna,
muka ce kududdufi.

Ni na cike shi.
Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni.
Amalanke saba'in da huɗu, shara da ɓaraguzai,
na ɗora ɗaki biyu da zaure,
na sa ƙofar ƙarfe shuɗiya,
na ce na gyara wuri.

Damagaram dutse ce, ba ta shan ruwa da sauri.
Wata tara muna bin 'yan garuwa da kuɗi a hannu,
dare ɗaya sama ta zubo abin shekara,
mu rasa inda za mu sa shi.
Ya gangaro daga duwatsun Birni,
ya bi kwalta yana kwasar abin da ya tarar:
baƙin mai na garejin Ma'azu,
jinin mahauta, toka, kashin awaki,
mataccen batir, ledar da ta fi mu tsawon rai.
Ya iso ƙofata bai yi sallama ba.
Wa ke sallama a gidansa?

Katanga ta durƙusa kafin asuba.
Shi kuwa bai tsaya ba, da yake na hana shi mazauni,
ya wuce da kayansa duka
har babban tabki, inda Cima ke ban ruwan kabeji.
Kwana uku tarwaɗa na juya farin ciki sama.
Cima ta ɗauko ɗaya a ƙwarya,
ta hawo tudu da ƙafa,
ta ajiye a gabana, ta koma.
Da ta zage ni, da na samu barci.

Yagana ta ma'aikatar ruwa ta zo da igiyar awo,
tana zane a ƙasa da tsinke:
rami uku, wannan ya miƙa wa wancan.
Na ce, yarinya, ai wannan randar uwata ce.
Ruwan da aka ɗebo da yamma, ja kamar kunun kanwa,
ba a sha, sai ya kwana.
Ta ce, to, Baba, gari ma yana son randa.

Na farko yana karɓar duka, yashi da leda da baƙin rai.
Na biyu mun dasa masa jema da kacalla,
saiwa ta riƙe abin da ido bai gani.
A na uku bado ya fito da kansa,
ba wanda ya gayyace shi.

Ba kowa ya yarda ba.
Maƙwabta sun ce sauro, kuma ba ƙarya suka yi ba.
Uwar tagwaye ta ce zurfi,
muka ja waya, muka zuba ƙananan kifi,
har yau tana kallona da gefen ido.

Kowane rani ni ke yashe laka.
Tana wari, tana cin farce,
ba a yi wa mai wannan aiki kirari.
Bara shebur ya bugi wani abu:
kwaɗon ƙofata ne, tsatsa ta cinye shi,
a kulle yake har yanzu.
Gefensa takwaransa mai rai
ya lumshe ido, yana jiran shamuwa.

Jiya an yi ruwa.
Da sassafe na tsaya a bakin rami na uku,
inda yake tsiyaya ta kan duwatsu zuwa gangare.
Na tara hannu biyu.
Ba na sha ba ne, na sani,
amma na ga zanen tafina a ƙarƙashinsa.
Can ƙasa, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya,
Cima ta sunkuya, tana cika bokiti.